Roba Ce, Za Ta Saba

Tsakanin Agye da Gazawa tayar ƙaramar bas ɗinmu ta fashe, mota cike da iyali har da ragon suna. Mai faci ya gangaro da wata ta gwanjo, sumul kamar kan ango.

Na duba gefenta: tawa 215/65 R16, tasa R15. Na ce, "Malam, bakinta ya yi kaɗan."

Ya ce, "Alhaji, ai roba ce, za ta saba."

Lambar ƙira kuwa 1209, wato mako na 12 na shekarar 2009. Hajiya ta ce, "Yara, ku gaishe ta, yayarku ce."

Muka aika Maraɗi a kawo wata taya, muka kwana gindin gawo. Rago kaɗai ya ci riba: ya ƙara kwana ɗaya a duniya.