Kwamfuta a Kan Keke: A Goya Ta, Kada a Ɗaure

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013, keke ya samu sabuwar fasinja, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Ɗalibi ya sha zarya gidan kawu da goggo kafin kuɗinta su haɗu, sai ka gan shi ya tamke ta a kariya da robar tsohon tub, daidai wurin da jiya ya ɗauko buhun shinkafa. Haba ɗan'uwa!

Kariya ba ta san tausayi ba. Duk ramin da taya ta faɗa, bugun kai tsaye yake isa gilashi da faifan ajiya, can inda aikinka na ƙarshen karatu yake kwance. Ka goya kwamfutar a baya kamar jaririya, cikin jaka mai soso, ka ja madauri har ta lafe. Idan ka hango rami, ɗan ɗaga daga sirdi, gwiwoyinka su shanye girgizar. Ba jaka mai soso? Tawul ko tsohon zanen Inna ya isa, amma ka nemi izini tukuna, don rigimar zane ta fi ta gilashi tsada.

Kafin ka hau, kashe ta gaba ɗaya. Rufe murfi kawai bai wadatar ba. A watan Afrilu zafin Nguru kan haura digiri 40, ga baƙar jaka, ga gumin bayanka. Batiri ba ya jure wannan. Caja kuma aljihunta daban, kada kanta ya danne gilashi.

Da hunturu leda ce maganin ƙura, da damina ita ce maganin ruwa. Ka ninka biyu.

Sai rairayi. Idan tayar gaba ta fara rawa a lungu, sauka ka tura. Yara za su yi dariya, su yi ta yi, ba su za su biya mai gyara ba. Akuya ma ba ta sanar da kowa kafin ta tsallaka titi, don haka yatsunka su zauna a kan birki. Gaisuwa da baki ta wadatar, ko da surukinka ne a bakin hanya. Ka biya shi bashin durƙuso da yamma.

In kuwa tafiyar daga Nguru ce har Gashuwa ta Jajimaji, don Allah jingine keken ka shiga mota, ka ɗora jakar a cinyarka.