Idan Hajiya Mage Ta Fara Sanƙo

Kyanwa halitta ce mai ji da kanta. Ba ta da madubi, ba ta da akwatin lefe, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da idonta yake biyu a kwalliya take ƙarar da shi: ta lashi hannu, ta shafa fuska, ta karkace ta bi gadon baya har ƙarshen wutsiya, sannan ta ɗago ta dube ka kamar kai ne ɗan haya a gidan. To ranar da ka ga wannan mai tsafta ta fara sanƙo, gashi na zuba a kan tabarma, gefen kunne ya yi ɓawo, tana susa da ƙafar baya kamar mai kaɗa kalangu, ka san lamarin ya kai inda ya kai. A ranar ce kuma za ka gane ashe unguwarku cike take da likitoci. Mai faci zai ce baƙin mai, mai shago zai ce kananzir, wata gwaggo za ta ce a yi mata wanka da Dettol, wani kuma zai rantse cewa ɗigo biyu na fiya-fiya sun wadatar. Dukansu da kyakkyawar niyya suke magana. Ka saurare su da ladabi, ka ce an gode Allah ya bar zumunci, sannan ka koma gida kada ka aikata ko ɗaya. Shawarar da sauran shawarwarin nan suka rataya a kanta ita ce kada ka shafa wa mage komai sai ka san sunan ciwonta.

Dalilin yana cikin bakinta. Harshen kyanwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, shi ya sa idan ta lashe ka kake jin kaushi kamar soson wanka. A 2018 wasu masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka nuna cewa bakin kowace ƙaya yana da ɗan rami kamar ludayi, yana ɗaukar yawu ya kai shi har gindin gashi. Mataji ne da babu irinsa, kuma duk abin da ya tsefo cikin ciki yake nufa. Ke nan abin da ka shafa wa mage, ka zuba mata ne a akushi. Sai kuma a zo ga hanta. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum da ta kare suke narkar da wasu magunguna da shi, don haka abin da jikinka zai fitar cikin sa'o'i ita taruwa yake yi a nata. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Dettol da Izal suna ƙona fata da baki, su kuma yi wa hanta illa. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da famatirin yana sa ta makyarkyata da farfaɗiya, wani lokaci ko da ba ita aka ɗiga wa ba, kwanciya kawai ta yi a jikin karen. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Garin neman gira ake rasa ido, kuma a nan idon shi ne ran dabbar.

Idan ka hana hannunka aiki, sai ka sa idonka. Zubar gashi saƙo ne, kuma wurin da ya zuba shi ne adireshin mai aikowa. Ka zaunar da ita inda haske yake, ka shafa bayanta daga wuya zuwa wutsiya. Idan yatsunka suka ji ƙananan ƙuraje masu ɓawo kamar an watsa tsabar gero a ƙarƙashin gashin, musamman a wuya da gindin wutsiya da bayan cinyoyi, to ka fara zargin ƙuma. Kamannin ya kai har likitocin dabbobi daga kalmar Latin ta gero suka ciro sunan wannan ƙurjin. Gwajin kuma ba ya cin ko kwabo: ka ɗora ta a kan farar takarda, ka tsefe ta da mataji mai ƙananan haƙora, baƙin garin da ya zubo ka ɗiga masa ruwa. Idan ƙasa ce, za ta zauna yadda take. Idan ya narke ya yi ja-ja, kashin ƙuma ne, wato jinin magenka ne da aka sha aka bar mata ragowa.

A nan mai gida yakan ce shi fa bai taɓa ganin ƙuma ko ɗaya a jikinta ba. Gaskiya ya faɗa, amma ya manta da matajin nan na baki, wanda yake haɗiye shaidar kafin mai bincike ya iso. Ga kyanwar da jikinta ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa ta kwana tana susa. Kuma ƙumar da ke kan dabbar 'yar aike ce kawai, rundunar tana cikin ɗakinka. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana, su gangaro su faɗa cikin darduma da tsagar daɓe da ƙarƙashin kujera, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na ƙumar gida a nan take, tana ƙwai ko tsutsa ko kwance cikin kwasfa tana jiran motsi. Damina ce kakarta, domin tsutsar tana son laima, busasshiyar iskar hunturu kuwa kashe ta take yi. Saboda haka maganin fuska biyu gare shi. Na jiki shi ne ɗigon da aka yi musamman don kyanwa, irin mai silamaktin ko fifronil, daidai nauyinta: a buɗa gashin ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, a ɗiga a kan fata, a maimaita duk wata har aƙalla wata 3, kuma a yi wa kowace mage da kare na gidan, kowa da nasa. Na ɗaki shi ne shara kullum, da wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, da shanya darduma a tsakiyar rana. Ka roƙi likita ya haɗa da maganin tsutsar ciki, domin ƙumar da ta haɗiye takan shigo da farar tsutsa, wadda za ka ga guntayenta kamar tsabar shinkafa a gindin wutsiya. 'Yan jarirai kuwa da ba su kai mako 8 ba, mataji ya fi musu, kuma idan dasashinsu ya yi fari fat a garzaya da su, ƙuma ta kusa shanye musu jini.

Idan kuwa sanƙon zagayayye ne kamar an ɗora kwabo an aske, gashin wurin ya kakkarye, fatar tana farin gari, galibi a fuska ko kunne ko hannu, kuma ba lallai ta yi susa ba, to makero ne ya fi kusa. Irin fumfuna ne da ke cin gashi da saman fata, kuma shi ne baƙon da ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya: daga mage yake tsallakawa kan yaro, ya yi masa tambari a kai ko a kumatu. Likita yakan haska wata fitila ta musamman a cikin duhu, gashin da ya kamu sau da yawa ya yi walƙiya kore, ko kuma ya ciri gashi ya shuka a ɗakin gwaji. Jinyarsa tana son haƙurin manomi: maganin sha na makonni, da jiƙa jiki da ruwan farar wuta da aka haɗa don dabbobi, wanda warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne, kuma yakan mayar da farar mage ruwan ɗorawa na ɗan lokaci. Za ta yi fushi da kai, za ta juya maka baya a kan katanga, ka jure. Ka ware mata ɗaki mai sauƙin gogewa, ka riƙa wanke hannu bayan ka taɓa ta, ka kwashe gashin da ya zuba, domin irin makero yana iya rayuwa fiye da shekara a cikin ƙurar ɗaki. Man shafawar nan na kemis da ake ce yana maganin kowane ƙaiƙayi kuma ka bar shi a kemis. Yawancinsu suna da sinadarin kwantar da kumburi wanda yake rage wa fata ƙarfin kare kanta, sai jan ya lafa kwana biyu, makeron kuma ya ƙara faɗi. Ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Ƙazuwar mage ta fi sauƙin ganewa: daga gefen kunne take farawa ta sauko fuska da wuya, fata ta yi kauri da ɓawo mai ruwan toka har yarinyar kyanwa ta koma kamar tsohuwa, ƙaiƙayin kuma ba ya barin ta barci. Ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami a fata. Likita zai ɗan kankare wurin ya duba a madubin gwaji, kuma tana cikin cututtukan da suke jin magani da wuri.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne sanƙon ciki da cinyoyi, fata sumul babu ƙurji, kamar wanzami ya bi wurin. Wanzamin ita ce da kanta, da dare take aikin. Mutane sukan yi saurin cewa damuwa ce, an yi sabuwar amarya ko an sake gida ko wani muzuru yana hana ta sakat. Yana faruwa, amma ba shi ya kamata a fara zarga ba. A wani bincike da likitocin dabbobi na Kanada suka wallafa a 2006, sun duba kyanwa 21 da aka ce damuwa ce ke sa su tsige kansu, sai aka samu 16 ciwon jiki ne zalla, 3 suna da duka biyun, 2 kacal ne damuwa kaɗai. Mafi yawa abinci ne bai karɓe su ba. Gano hakan yana buƙatar a tsare ta a kan nau'in abinci ɗaya da likita ya zaɓa na kimanin mako 8, ba tare da yara sun riƙa miƙa mata lomar tausayi a ƙarƙashin tabarma ba. Tun da an zo kan abinci, a tuna cewa mage maciyar nama ce ta asali, gashinta kuma da abin da nama da kifi da ƙwai ke bayarwa ake gina shi. Wadda aka tsare a kan ragowar tuwo gashinta zai dushe ya yi ta karyewa, miyar da ta ji albasa da tafarnuwa kuma lalata mata jini take yi.

Akwai wanda zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi, mutane ma ba su samu kuɗin asibiti ba, sai mage? A kai ta bayan kasuwa a saki mana. Amma a lissafa. Ka yar da mage ba ka yar da ƙuma ba, tana nan cikin darduma, kuma idan ta ƙyanƙyashe ba ta samu mai gashi ba, idon sawun 'ya'yanka za ta nufa. Irin makero ma yana nan a ƙura. Abin da ka rasa shi ne mai gadin rumbu da ba ta karɓar albashi, a ƙasar da ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin kare gida daga gare ta. Kuma duk wanda ya zauna a gaban malami ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya kuma san daga inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Dabbar da ta saba da ƙofarka amana ce. Wani kuma zai ce ai ya ga an shafa baƙin mai gashi ya fito. Na yarda ya gani. Makero yakan warke da kansa bayan 'yan watanni a jikin lafiyayyar mage, sai man ya karɓi yabon da ba nasa ba, waɗanda suka lashe shi suka shige bayan rumbu suka mutu kuwa babu mai kawo labarinsu majalisa. Asibitocin dabbobi na gwamnati suna nan a manyan garuruwa, ga na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma kankarar fata sau ɗaya ta fi arha a kan kwalabe biyar na gwaji.

Saura kai ta da ba ta magani, inda ake gane cewa kyanwar Lami a karin magana kawai take. Kada ka ɗauke ta a hannu ka hau babur, kuma kada ka cusa ta a buhu. Kwando mai murfi ko kwali mai huji, da tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai, sun isa. Lokacin ƙwaya ka naɗe ta da tawul kamar jaririyar da aka fito da ita daga wanka, kai kaɗai a waje, ka ɗaga haɓarta sama, ka sa ƙwayar can bayan harshe, ka rufe bakin kana shafa maƙogwaro har ka ga ta lashi hanci. Ko a nan ka duba ƙasa, domin ta iya ɓoye ƙwaya a kunci ta tofar bayan ka juya. Idan likita ya sa mata abin wuyan roba mai kama da mazurari, za ta yi ta karo da ƙafar kujera tana dubanka da idon tuhuma. Ka bar shi a wuyanta, ka ɗan ɗaga mata kwanon abinci don bakinta ya kai. Ƙaiƙayi ne yake fara tafiya, sai ɓawo ya faɗi, gashi kuwa shi ne na ƙarshen dawowa, bayan makonni, laushi-laushi kamar gashin ɗan tsako. Kada ganinsa ya sa ka tsayar da magani. Ka rubuta ranar ɗigo na gaba a jikin kalanda, kusa da ranar biyan kuɗin makaranta.