Masu Shirin Kwana Uku a Faris

Idan ɗan gajeren hutun tsakiyar zango ya gabato a makarantun Ingila, gidajen Hausawa mazauna Landan da Manchester sukan zauna wani taro da ba a aika wa kowa goron gayyata ba. Maigida ne zai ce a je a sha iska na kwana uku a wani birni. Galibi Faris ce ke cinye zaɓen, domin jirgin ƙasan Eurostar yana tashi daga St Pancras, ya bi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, ya sauke mutum a Gare du Nord cikin awa biyu da 'yan mintuna. Tafiyar ba ta da wuya. Wuyar tana falo, wurin shiri, kuma duk gidan da ke da samari da 'yan mata 'yan shekara sha uku zuwa sha takwas, mutanen da za ka tarar a falon kusan su ɗin ne dai.

Shugaban taro shi ne Alhaji Mai Jadawali. Ya raba kwana ukun nan minti-minti a kwamfuta, ya buga, ya manna a jikin firij. Karin kumallo ƙarfe bakwai, fita bakwai da ashirin. Gidan tarihi na Louvre, wanda ke baje kayan tarihi wajen 35,000, ya ba shi awa biyu cur, har da lokacin shiga bayi. Hasumiyar Eiffel kuwa da ƙafa za a hau, matakala 674 zuwa hawa na biyu, wai don motsa jini, alhali kowa a gidan ya san tikitin matakala ya fi na lif araha. Abin da jadawalin bai sani ba shi ne Louvre a rufe yake ranar Talata, fadar Versailles kuma ranar Litinin, shi kuwa Alhaji ya sa Versailles Litinin, Louvre Talata. Idan aka nuna masa sai ya gyara tabarau ya ce ai da ma daftari ne.

A cikin rigar Alhaji akwai wani mutum na biyu, Mai Lissafi. Albashinsa da fam ake biya, amma duk farashin da ya gani da yuro sai ya mayar da shi naira, ya dafe ƙirji ya yi salati. Shi ne yake gano jirgin sama mai araha cikin dare, ya tashi kowa da albishir, sai daga baya a lura filin jirgin Beauvais ne, wajen kilomita 85 daga Faris, sai an ƙara da bas na sama da awa guda. Shi ne kuma yake kiran otal yana tambaya ko mutum shida za su iya raba ɗaki ɗaya, tunda yaran ai yara ne. Babban cikin yaran ya fi shi tsawo.

Hajiya ba ta cika magana a taron ba, tana can tana haɗa akwati. Tafiyar kwana uku ce, kayan na wata guda. Yaji, garin kunu, man zafi, bargo ko da za a yi sanyi, da ƙunshin kilishin da aka kawo daga gida ana ta tattalinsa. Tun farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ba a yarda matafiyi ya shiga da nama ko madara daga can ba. Babbar 'yarta ta karanto mata dokar daga waya. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To ai nama suka ce, ni kilishi na ɗauko.” Amma a yi mata adalci, tambayoyin da suka fi na kowa amfani daga bakinta suke fitowa: ina za a ci halal, ina za a yi salla, wa zai riƙe wa auta hannu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ita ta san da Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, inda ake shan shayi da na'ana'a a farfajiya. Ita kuma ta san unguwar Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka, inda za ta ɓace awa uku ta dawo da atamfa. A je har Faransa a sayo atamfa! Alhaji zai yi ta maimaita wannan har a koma gida.

Sai samarin. Akwai Duk Ɗaya. Faris ko Rum? “Duk ɗaya, Abba.” Jirgin ƙasa ko na sama? Duk ɗaya. Kunnuwansa a toshe, idonsa a waya, an yi taro uku bai zaɓi komai ba. Ranar da aka sauka ne bakinsa zai buɗe, ya ce shi da ma Basalona yake so kuma ba wanda ya tambaye shi. Tambayarsa ɗaya ce tun farko, ko otal ɗin na da intanet. Kuma saboda soket ɗin Faransa mai rami biyu zagayayyu ne, cajar Ingila kuwa mai ƙafa uku ce, mahaɗin caja guda ɗaya tal da Mai Lissafi ya yarda ya saya zai haddasa rigimar da ta fi kowace zafi a tafiyar.

Yayarsa, 'Yar Hoto, ta riga ta gama zuwa Faris a TikTok, yanzu shaida kawai za ta je ɗauka. Ta san daga dandalin Trocadéro hasumiyar ta fi fitowa, ta san da dare fitilunta na ƙyalƙyali na minti biyar a farkon kowace awa, ta ware mayafin da zai dace da kowace rana. Mona Lisa ce kaɗai za ta ba ta kunya, don zanen santimita 77 ne da 53, a bayan gilashi, gabansa kuma dandazon mutane ne kowa ya ɗaga waya kamar ranar hawan daushe. Azabarta ita ce mai ɗaukar hoton. Abba zai ɗauka sau ashirin, a goma ya yanke kan hasumiya, a goma ya yanke nata. “Haba Abba, don Allah ka ba Yaya wayar.” Duk da haka, idan ana neman wanda ya san tashar da za a sauka da lokacin da layi ya fi gajarta, ita ce. Binciken da ta yi don hoto ya fi na jadawali inganci, sai dai ba mai faɗin haka a gaban Alhaji.

Sarkin Barci ba ya buƙatar dogon bayani. An biya kuɗin karin kumallonsa na kwana uku, bai ga ko ɗaya ba. Likitoci sun ce agogon jikin matashi yana ja baya, barci ba ya zuwa masa da wuri, safiya kuma ta yi masa nauyi. Ka gwada faɗa wa uban da ya biya kuɗin burodi da man shanu wannan magana.

Ɗan Ƙwallo bai san wani abu a Faris ba sai filin Parc des Princes, gidan ƙungiyar PSG da ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2025. Auta kuwa Disneyland, wadda aka buɗe a 1992 a Marne-la-Vallée, can bayan gari, kuma idan an je ta yini guda cikin ukun ya tafi ke nan. A tsakaninsu akwai Tafinta, wadda ta ci Faransanci a jarrabawa har aka yi mata kyauta. Iyali kaf suka dogara da ita. A gaban mai sayar da burodi za ta yi gaisuwa tsaf, ya amsa da sauri, ta juyo ta kalli Mama. Ƙarshenta sai an kira wani ɗan uwa ɗan Damagaram a waya, ya yi cinikin daga nesa yana dariya.

Ba a gama ba, don akwai waɗanda ba sa cikin tafiyar amma suna cikin shirin. Kawu ya taɓa zuwa Faris kwas tun ana kashe faran, kafin takardun yuro su fito a 2002, kuma yana da otal mai kyau da zai ba da sunansa idan ya tuna. Goggo a Kano ta ji labari, ta turo saƙon murya na minti bakwai: turare, jaka, takalmi lamba arba'in, tunda dai kuna kusa. Ba ta turo ko sisi ba, ta dai yi addu'a mai tsawo.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Koren Fasfo. Yaran da ke da fasfon Birtaniya ba sa buƙatar biza don 'yar gajeriyar ziyara, amma mai fasfon Nijeriya sai ya nemi bizar Schengen ko da yana da takardar zama a Ingila, kuɗinta yuro 90 ga babba, ga jiran ranar ganawa. Sau da yawa kaka ce da ta zo ganin jikoki, wani lokaci kuma Alhajin ne da kansa, wanda ya lissafa mintunan shiga bayi ya manta da wannan.

Idan gidanku na cikin irin wannan shiri, shawarata a ba kowane matashi rabin yini nasa, ya zaɓi wuri, ya nemo hanya, ya ja gaba, sauran su bi ba ƙorafi. Kada a sa komai kafin ƙarfe goma na safe. Ragamar tafiyar a damƙa ta ga Hajiya da 'Yar Hoto. Alhaji kuma a bar masa riƙon fasfo da biyan kuɗi.