Kaset Ɗin Da Ba Ya Waƙa

Da la'asar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, faifan sabar ofishinmu ya yi wani ƙara ƙas-ƙas, ya ce ga garinku. Abin da ya tafi har da tushen, wato sashen da Linux kansa yake zaune, inda duk umarnin na'urar suke.

"Ai muna da ajiya a kaset," in ji oga, yana gyara hula.

"Muna da ita, ranka ya daɗe."

Abin da ban gaya masa ba, manhajar restore da ke karanta kaset ɗin tana cikin faifan da ya mutu. Kamar a kulle ɗaki ne makullin yana ciki. Sai da na tono wani tsohon faifan CD na ceto a ƙasan durowa, na tayar da na'urar da shi, na sa sabon faifai, na tsara shi.

Kaset ɗin LTO-4 ne, mai ɗaukar gigabait 800, ƙurar hunturu ta yi masa rawani. Baba mai gadi ya karɓa yana jujjuyawa, yana taɓa nan, yana tura can.

"Ɗana, na wane mawaƙi ne?"

"Na albashinka ne, Baba."

Nan take ya miƙo min da hannu biyu.

Wanda na gada ya bar takarda: tushen shi ne na uku a kan kaset, a tsallake biyu da umarnin mt, a kira na'urar kaset da sunan /dev/st0. Na bi. Kaset ya yi gudu, ya tsaya, ya sake wani gudun. Na fara kwashewa, sai ga hotunan bikin ƙanwar akanta suna sauka inda ya kamata zuciyar Linux ta zauna. Na share, na sake. Amarya ta sake dawowa, da gwaggwaronta.

Ashe st0 hali gare shi: da ka gama magana da shi, sai ya nannaɗe kaset ya koma farko. Wanda yake tsayawa inda ka bar shi sunansa nst0. Harafi ɗaya tal, amma ya cinye min magariba da isha'i. Ga shi kaset ba ya tsalle. In kana son abin da ke tsakiya, dole ka bi ta kan na gabansa, oga kuwa yana tsaye a kanka yana tambayar saura minti nawa.

Da nst0 na kwaso cikakkiyar ajiyar mataki na 0, sai ƙananan da suka biyo baya, bi da bi. Na mayar da GRUB mai tayar da na'ura, na gyara lambar faifai a fayil ɗin fstab tunda sabon tsari ya canza ta. Dab da ƙarfe biyun dare sabar ta tashi. Oga ya yi hamdala.

Ita ma agogonta ya tashi. Ƙarfe biyu daidai lokacin ajiyar dare ne, kaset yana ciki, fayilolin ma'aikata ban kwaso su ba tukuna, tana shirin rubutawa a kansu. Na yi kukan kura na fizge waya. Fankar oga ta tsaya.

A allo kuwa aka rubuta cewa kaset ya ƙi karɓar rubutu. Ɗan jan makullin gefensa a rufe yake. Baba ne ya tura shi, yana neman inda ake kunna waƙa.