Zakaran da Bai Karanta Littafin Ba

A bakin titin Sakkwato, daura da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. A nan na tsinci wani ƙaton littafin girki na wani Bature da ya yi suna a talabijin. Hotunan ne suka ja ni. Ga mutumin nan ya naɗe hannun riga, ya jingina da tebur yana dariya, abokai sun kewaye shi, ko ɗigon gumi babu a goshinsa. Wa'azin littafin daga farko har ƙarshe ɗaya ne: girki ba wahala ba ne. Ka tara iyali da abokai, ka watsa wannan, ka barbaɗa wancan, ka tura cikin obin, ka koma hirarka.

Irin waɗannan littattafai babbar sana'a ce a Ingila. Jamie Oliver, wanda BBC ta fara nuna shirin girkinsa a 1999, ya fitar da littafin abincin minti 30 a 2010, aka sayi fiye da kwafi 700,000 cikin mako goma. Shi ne kuma a 2014 ya wallafa tasa shinkafar jalof, ya cika ta da ganyayyaki, ya ajiye yankan lemon tsami a gefe, 'yan Nijeriya da 'yan Gana suka jingine gardamarsu suka haɗu suka yi masa ca a intanet. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, to amma ni ban ga abin tsoro ba. Shi abincinmu ya taɓa, ni kuwa nasu zan taɓa, kuma babu Baturen da zai zo unguwarmu Hayin Dogo ya duba.

Na zaɓi gasasshiyar kaza da dankalin Turawa. Littafin ya ce abincin mutum shida ne, awa ɗaya da rabi an gama. Da daddare a majalisa na sanar cewa ranar Asabar bayan Azahar mutum biyar su zo gidana su ci girkin hannuna. Da na gaya wa uwargida, sai ta dube ni, ta dubi littafin.

"Malam, kai za ka shiga kicin?"

"Ke dai ki zauna ki huta."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Wahalar ta fara ne tun daga kasuwa. Littafin da giram yake awo. Na tsaya gaban mai dankali a kasuwar Samaru na ce ya ba ni kilo ɗaya da rabi, ya ce shi kashi ya sani da roba, in zaɓa. Ganyen ƙamshin da aka lissafa kuwa na bi rumfa-rumfa da hotonsu, har wata tsohuwa ta karɓi littafin ta juya shi sama da ƙasa, ta ce wannan ai ciyawa ce, ta ƙulla mini ɗoɗɗoya. Man zaitun sai da na hau a-daidaita-sahu har Sabon Gari, a kantin masu sayar da zuma da habbatussauda na same shi, cikin 'yar kwalba. Na ce ya ba ni uku. Mai kantin ya matso, ya sassauta murya.

"Alhaji, wane ne ba lafiya? In shafar aljanu ce, a haɗa da ganyen magarya."

"Kaza zan gasa."

Ya daɗe yana kallona kafin ya sa mini a leda. Akwai kuma inda littafin ya ce a zuba kofi guda na giyar inabi a ƙarƙashin kazar. Na ce a'uzubillahi, na tsaya na yi nazari irin na masu ilimi: ja ce, mai tsami ce. Me muke da shi ja mai tsami? Zoɓo. Na sayi gwangwani guda.

Wajen masu kaji aka nuna mini na gidan gona, farare, sun yi ɓul-ɓul suna haki. Na raina su. Mutanen da zan karrama ba za su ci naman da ba ya da ɗanɗano ba. Na zaɓi zakarun Hausa biyu, ja da wake-wake, masu tsinin ƙafa. Mai kajin ya ce ga 'yan figa nan, a yanka a gyara mini yanzu-yanzu. Na ƙi. Littafin ya nanata cewa komai a yi shi da sabon abu, to me ya fi mai rai sabunta?

Asabar da hantsi na kwance jan zakaran zan kai wa maƙwabcinmu ya yanka. Ban ankara ba ya doke ni da fiffike a ido, ya haye randa, daga randa ya haye katanga, igiya na reto a ƙafarsa. Ya tsaya can sama ya yi cara, sannan ya dira lungu. Na bi shi da singileti da silifa. Yaran unguwa suka rufa mini baya da ihu, wasu ma ba su san abin da ake bi ba, na ji wani yana cewa ɓarawo ne. Muka ratsa lungu biyu, muka keta zauren mutane ba sallama, silifana ɗaya ya tsaya a kwata. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni gudun kawai na ci. A bayan wani kango zakaran ya ɓace, yaran kuma suka tsaya jiran ladan wahalarsu.

Saura wake-wake. Aka yanka shi, sai figa, figa kuma sai da ruwan zafi, randar kuwa jan zakara ya kifar da ita a hanyarsa ta fita. Na zauna jiran 'yan garuwa. A wannan zaman ne na sake buɗe littafin, na lura da abin da ban lura da shi ba da farko. Kazar da ke cikin hoton ba ta da kai, ba ta da gashi, ba ta da kayan ciki. Wani ya yi kiwonta, wani ya yanka, wani ya fige, wani ya wanke, wani ya kawo ruwan har cikin famfo. Daga inda waɗannan bayin Allah suka gaji, daga nan Baturen ya fara ƙirga awa ɗaya da rabinsa. Dole ya yi dariya a hoto.

Ana kiran Azahar ina tsugune ina tsintar ƙananan gashi a wuyan zakara. Na shafe shi da man zaitun har kwalba biyu, na cusa masa lemon tsami da ɗoɗɗoya da tafarnuwa a ciki, na jera dankali a gefe, na kwarara zoɓo. Na sauko da 'yar obin ɗin lantarki da ke cikin kayan ɗakin uwargida, wadda tun biki ba a taɓa kunna ta ba sai dai a goge mata ƙura. Na murɗa ta kan 200 kamar yadda aka umarta. Fitilarta ta kama. Na wanke hannu, na jingina da bango irin jinginar Baturen. Aka ɗauke wuta.

Maƙwabciyarmu ta ba da shawara ta kan katanga: a yi yadda mata ke gasa kek, a zuba yashi a babbar tukunya, a ɗora kwanon a kai, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Na ɗebo yashi a inda ake gini, na hura gawayi a kurfoti, na yi ta fifita da marfin bokiti. Yadda ake gane zafi ya kai 200 a cikin tukunyar yashi kuwa, na bar wa Allah. Na dai ƙara garwashi don kada a samu gibi.

Nan baƙi suka fara sallama. Lissafin mutum shida lissafin Ingila ne, inda in an gayyaci mutum shi kaɗai yake zuwa, har ya bugo waya in zai makara. A Samaru kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya taho da wanda suka haɗu a masallaci. Wani ya zo da 'ya'yansa biyu don su ga abin tarihi. Ƙanin uwargida, abokin wasana, wanda ban gayyata ba, ya iso da cokalinsa a aljihu. Almajirai suka ji ƙauri suka jeru a ƙofa. Ana cikin haka sai ga surukata daga cikin birni, ta zo duba jikoki, ta tarar da ni tsugune gaban kurfoti, fuska duk toka, 'yarta kuwa na zaune kan kujera tana yanke farce. Na gaishe ta ina neman inda zan ɓoye marfin bokitin. Ta amsa kanta a sunkuye, ta ja 'yarta ɗaki. Ina jin ta tana tambaya ƙasa-ƙasa:

"Ke, faɗa mini gaskiya, faɗa kuka yi?"

Bayan La'asar na buɗe tukunya. Bayan zakaran ya yi baƙi ƙirin, cikinsa da ya jiƙu cikin zoɓo ya yi shuɗi-shuɗi ja-ja, dankalin kuma ya rine kamar an tsamo shi daga marina. Na kai zaure a kan tire, na ce bismilla. Aka yi shiru. Wani dattijo cikinmu, tsohon ma'aikacin gona, ya kama cinya ya ja, cinya ta ja shi. Ya sa hannu biyu. Da ya samu ya gutsura, sai muka ji ƙaras, yashi ya shiga.

Shi ne ya yi mana bayani yana sakace. Kazar da littafin ke nufi ta gidan gona ce, wadda ake yankawa tana da mako shida ko bakwai, ba ta taɓa gudu ba, namanta na saurin nuna. Zakaran Hausa kuwa ya ga damina ya ga rani, ya yi dambe, ya yi tsallen katanga, jikinsa duk jijiya ne. Shi ya sa iyayenmu mata ke tafasa shi ya daɗe a wuta da albasa da citta da kanumfari kafin a soya ko a yi farfesu. Ya ce ko a nan Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ta fitar da kazar Shika Brown, don ƙwai ta fitar da ita. Kowace kaza da aikinta. Na ce wannan duk ya kamata a ce zakaran ya sani.

Ƙanin uwargida ya ajiye cokalinsa ya ce, "Yaya, Hilda Baci ta yi awa 93 tana girki a Legas a 2023, amma ita dai mutane sun ci. Kai in ka dage za ka karya tarihin yunwa."

Ana dariya sai ga yaran maƙwabta sun shigo da manyan kwanoni, tururi na tashi. Shinkafa da wake, ga mai, ga yaji, ga yankakken tumatir da albasa. Ashe tun da safe, ina can ina tsere da zakara, uwargida ta miƙa mudu biyu ta kan katanga aka ɗora mata. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Dattijon nan ya ɗaga ƙwayar wake yana dubawa, ya fara ba da labarin ire-iren waken SAMPEA da cibiyar binciken noma ta IAR ke fitarwa a nan Samaru, babu wanda ya ɗago kai. Almajirai suka samu, surukata ta samu, har yaran da suka taya ni gudu. Zakarana kuma aka mayar da shi tukunya da ruwa, bai yi laushi ba sai bayan Isha'i.

Da dare uwargida ta ce in koyon girki nake so, ga Akushi da Rufi nan a Arewa24, da Hausa ake yi, da kayan da ke kasuwar Samaru. Na ce girkina ba shi da aibi, kayan aiki ne suka ƙi ba da haɗin kai, kuma da jan zakaran ne aka gasa da labari ya sha bamban, don shi ya fi ƙuruciya.

Saboda haka ina cigiya. Jama'ar Hayin Dogo da kewaye, duk wanda ya ga jan zakara mai tsinin ƙafa, da guntuwar shuɗiyar igiya a ƙafar hagu, nawa ne, da kuɗina na saye shi. In yana da rai a dawo mini da shi. In kuma an riga an yanka, don Allah a tafasa shi tukuna.