Mujtahidai da Muƙallidai a Rumfar Mai Gyaran Keke

Duk wanda ya san Gaya, garin nan na bakin kogin Kwara da ke fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma tana gabas da shi, ya san cewa ko da yake baburan 'yan kabu-kabu sun cika tituna da ƙara da hayaƙi, har yanzu keke bai sauka daga muƙaminsa ba, domin shi ne ke ɗauko rake daga fadama, shi ke kai buhun shinkafa gida, shi ke tafe da jarkoki huɗu waɗanda ladabi ya hana a tambayi abin da ke cikinsu, kuma da aka toshe gadar nan ta 1958 mai ƙetarawa Malanbil bayan juyin mulkin 2023, sai da aka ga ana ɗaga shi ana sakawa cikin kwalekwale. To, abin hawan da ke irin wannan bauta a ƙasa mai yashi da tsidau da ƙayar aduwa, ga damina wadda ta fi ta sauran Nijar ruwa, ba makawa ya riƙa ciwo. Kuma a kan maganin ciwon nan nasa ne ma'abota keke suka rabu mazhaba biyu. Akwai muƙallidai, waɗanda suka sallama al'amarinsu ga mai gyara ba tare da neman dalili ba. Akwai kuma mujtahidai, waɗanda ke ganin duk wanda Allah ya ba hannu biyu da filaya ya kai matsayin ba da fatawa a kan ƙarfe.

Muƙallidi na haƙiƙa mutum ne mai sauƙin sha'ani. Bai san sunan komai a jikin kekensa ba in ban da sirdi da ƙararrawa, saboda haka in ya zo rumfa da baki yake kwaikwayon cutar, ya ce, "Malam, in na taka sai shi ce ƙyat, ƙyat, in na bari sai shi yi shiru," mai gyara kuwa ya ɗiga baƙin mai a sarƙa, a rabu ana sa wa juna albarka. Ɗan'uwansa shi ne mai zato, wanda ya yarda da gwanintar mai gyara amma bai yarda da amanarsa ba. Kafin ya baro gida ya ɗiga jan fenti a kan kowane noti, in ya iso kuma ya tsuguna gwiwa da gwiwa da mai rumfa ba ya ko ƙiftawa. In ya taɓa karatu, sai ya tuna masa cewa malaman Malikiyya, tun daga Risala, sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da ya salwanta a hannunsa, kuma gaskiya ce, sai dai ban taɓa jin an kai ƙarar murfin bawul gaban alƙali ba. Sai mai lissafin canji, wanda ya ji labarin naira ta faɗi, ya ƙi sayen tiyub a Gaya, ya biya kuɗin mota zuwa Kamba da dawowa, ya yi kalaci a can, ya komo da mai lamba 26 alhali ƙafar kekensa 28 ce.

Amma wanda na fi so a cikin jama'ar nan, wanda kuma na daɗe ina raba katanga da irinsa, shi ne mujtahidin tsakar gida. Da hantsi yake tuɓe riga, ya kifa keke bisa sirdi da kai, ya jera kayan aikinsa, watau filaya guda wadda haƙoranta suka cinye, da guduma, da cokalin uwargida, da dutsen da ake tokare ƙofa, sa'an nan ya yi wa iyali huɗuba a kan masu gyara, yadda suke karɓar dala ashirin don aikin da ko yaro zai iya. Babbar hujjarsa, wadda ya tsinta a rediyo, ita ce Dunlop, mutumin da ya sa wa keke tayar da ake hura wa iska a 1888, likitan dabbobi ne a Belfast, kuma a gida ya yi wa keken ɗansa. Daga nan sai ya yi ƙiyasi, ya ce in likitan dawaki ya iya, mai sayar da albasa ma zai iya, ko da yake har yau malamai ba su gano illar da ta haɗa asalin da reshen ba.

Cutar dai tun farko ƙaya ce guda. Ya zare tiyub, ya karɓe daron wanke-wanke, ya juye masa ruwan da aka saya daga ɗan garuwa don girki, ya nutsa, ya ga kumfa na tasowa, ya yi kabbara. Ya kankare wurin da dutse, ya shafa sholisho, amma da yake haƙuri ba ya cikin sharuɗɗan ijtihadinsa, bai jira ya sha iska ba ya manna faci. Bai kuma shafa cikin taya ya cire ƙayar ba, tana nan a tsaye tana jiran tiyub ya dawo. Wajen mayar da taya kuwa sai ya sa gindin cokali ya danna, cokali ya ciji tiyub wuri biyu. Huda ɗaya ta zama uku. A nan ne mai hankali ke tsayawa, shi kuwa sai ya ce tun da an riga an kwance, bari a duba cibiyar ƙafar baki ɗaya. Yana sassauta noti boris suka zubo suka watse cikin yashi, kaza ta yi wuf ta haɗiye ɗaya, aka tashi yara da rariya suna tankaɗe ƙasar tsakar gida har azahar. Da aka rasa giris, sai ya ba da fatawar cewa larura ta halatta man gyaɗa, kuma kafin magariba tururuwa suka yi ijma'i a kan ingancin fatawar. Fedar hagu kuwa, wadda da gangan aka yi wa zare a juye don kada ta kwance a tafiya, ya yi ta murɗa ta ta wajen da ake kwance sauran, tana ƙara ɗaurewa yana ƙara zagin wanda ya taɓa ta bara, har ya kira guduma ta raba gardama.

Can la'asar sakaliya aka harhaɗa keke, aka sami ragowar noti biyu da wani ɗan ƙaramin sifirin a cikin murfin kwano. Da uwargida ta tambaya, sai ya ce waɗannan ƙari ne, masu Phoenix a can Shanghai suna sa su don ado. Ya hau da bisimilla, bai kai bakin zaure ba ƙafar baya ta tsaya cik. Bayan isha'i, in ƙafa ta ɗauke, sai ka gan shi ya bi ta lungu ya nufi gidan mai gyara, gangar keke a kafaɗa, yaro na biye da buhu yana kwaramniya, ya yi sallama murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, yara ne suka taɓa keken ga ba ni nan." Mai gyara ya zazzage buhu, ya shinshina man gyaɗa, ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin faratan baƙonsa, ya ce, "Allah shi shirya muna yara, Alhaji." Bayan 'yan kwanaki kuwa za ka ji mutumin a majalisa yana ba da labarin yadda ya gyara abinsa da kansa, mai gyara ɗaure noti kawai ya yi. Wannan shi ne abin da malamai ke kira jahilci murakkabi, sai dai nasa ba ya cutar kowa in ban da kaza da cokali.

Kada a ce na ɗauki ɓangare, masu gyaran ma iri-iri ne. Akwai Malam Gobe, wanda keke ke rataye a reshen dogon yaronsa har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin sifok, kullum kuma da in sha Allahu yake sallamarka. Akwai wanda ko ƙararrawa ka kai masa sai ya gano sarƙa na son sauyi. Akwai kuma tsohon da ya koyi aiki a kan Raleigh, tun ana haɗa shi a Kano, wanda ke ganin kekunan gwanjon nan masu giya da ke shigowa ta Kwatano bidi'a ce tsantsa, yana gyara su yana istigfari. Amma ka ba shi ƙafar da ta karkace, ka ga ya dafa babban yatsa a kan ƙarfe, ya juya ta a hankali, yana kaɗa sifok ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya ɗan ɗaure nan ya ɗan sassauta can, har ta miƙe sak, sai ka yafe masa duk tsegumin. Gefensa kuwa ga muftayen benci, waɗanda ba sa riƙe sifana amma ba a ɗaure noti sai sun ba da ra'ayi, suna musu a kan ko boris tara ake sawa ko goma, suna kawo labarin farashin masara a kasuwar Malanbil. Wasu daga cikinsu ma har rubutu suke yi a kan sha'anin keke, kuma famfon rumfa ya fi aljihun mai rumfa sanin hannunsu.

Duk waɗannan ana zama da su lafiya. Wanda na kasa yi wa dariya shi ne mai cin gumin mai gyara, kuma abin takaici galibi ba matalauci ba ne, mai sito ne ko mai shago, wanda ke ƙirga jikkoki gaban mai fito da kaya ba ya ko ɗaga gira. Ya kawo keken ɗansa ko na yaron shagonsa, a ture aikin wasu a yi nasa saboda girman rigarsa, ɗan koyo wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba ya yi ta buga famfo cikin rana har kafaɗunsa su sage, in an gama kuma ya ce, "Haba Malam, iskar Allah ma sayarwa kuke yi?" Kuɗin faci kuwa ya ce zai aiko yaro, yaron da ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba, washegari ya sauya hanya, in sun haɗu a masallaci ya tsawaita nafila har mai gyara ya fita. Alhali sholisho da faci da boris mai rumfa da kuɗi hannu ya saye su, tikitin kasuwa ma ba a yafe masa, kuma daga cikin 'yan dalolin nan ne ɗan koyo ke samun abin sayen garin rogo da rana. Ladan ɗan ƙwadago wajibi ne, babu saɓani a kansa tsakanin mazhabobi, hana shi kuwa ga mai hali zalunci ne, ko da na dala biyar ne.

Saboda haka, mai karatu, in kana da bashin faci a wata rumfa tsakanin tashar mota da bakin gada, ka tashi ka je ka biya tun yau, ka kuma sa wa yaron da ya buga maka famfo nasa a hannunsa, domin maigidansa ba kullum yake tunawa da shi ba.