Yadda Tsohon Kaftanina Ya Kai Ni Gaban Mai Unguwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin man fetur ya tafi, kowane gida a Kano ya naɗa ministan tattalin arzikinsa. Mu a gidanmu ba a yi shawara da kowa ba, uwargida ce ta naɗa kanta. Ofishinta kuwa tsohon keken ɗinki ne na ƙafa, Butterfly, da ta zo da shi cikin kayan ɗaki. Shekara da shekaru yana lungu, aikinsa ɗaukar kwalla da samira. Rannan sai ta sauke kwanukan, ta karkaɗe shi, ta ɗiɗɗiga masa mai. Daga ranar ƙyalle bai sake fita daga gidan nan ba.

Zanin da ya koɗe ya koma rigar filo. Rigar filo in ta mutu ta koma tsumma, tsumman in ya gaji a wanke a daddatsa a cusa cikin wani filon. Wandon makarantar babban yaro a rage masa tsawo ya zama na ƙaninsa, guntun ƙafar a sa masa zif ya zama jakar fensir ta auta. Har telan bakin layi an hana shi share guntayen atamfa da shadda, yaro ake aikawa da leda ya kwaso. Da su ta harhaɗa mana wani mayafi wanda in ka lulluɓa da shi ka lulluɓa da ankon duk bikin da aka yi a unguwar. 'Yan jari-bola ma sun daina tsayawa a ƙofarmu. Wani cikinsu ya ce wa yarona, "Gidanku ko murfin kwalba ba ya fita."

Ni dai ban tanka ba, tunda kuɗin cefane ya ɗan numfasa. Amma akwai abin da ke ci wa magidanci rai: a ce duk dabarar gida daga cikin ɗaki take fitowa, kai naka miƙa kuɗi da cewa madalla.

Damata ta zo ne da tsadar tumatir ta 2024. Duk Bakano ya san halin tumatir. Na rani ne, daga Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shi. Cikin hunturu yakan yi yawa har a rasa mai saye a Kwanar Gafan, a yayyanka a shanya ya zama kauɗa. Da zafi ya kankama, damina ta ƙarato, sai ya yi ɓatan dabo. Ga kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon, wadda a 2016 ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. To a wannan karon na je 'Yankaba na tarar abin da a da ake jefa maka a leda gyara, shi ne yanzu kashin da ake sayarwa. Na dawo na tara iyali na ce mun kusa daina sayen tumatir, ni zan noma.

Uwargida ta dubi tsakar gidanmu, siminti daga bango zuwa bango, ga kajinta suna sintiri, ta ce, "A ina, Malam?"

Na nuna sama. Zaurenmu rufin kankare ne. Na yi shi da niyyar ɗora bene in Allah ya hore, har yau rodin na nan tsaye a kusurwoyi yana jiran horewar. Can zan yi lambun buhu. Wani tsohon mai lambu da muke salla tare ya ba ni karatu: tumatir ɗan sanyi ne, kada in dasa sai ruwa ya ɗauke. In haɗa ƙasa da yashi da busasshen takin awaki, in guji ɗanyen kashin kaji don ƙona shuka yake yi. A tsakiyar kowane buhu in tsayar da tsakuwa daga gindi har baki, ta nan ruwa zai riƙa ratsawa. In huhhuda gefe in sa latas da alayyahu, tumatir da attaruhu a ka.

Saura buhu. Duk buhun shinkafa ko na masara da ya shigo gidan an riga an yi masa rajista: wani zai zama jakar cefane, wani a farke a haɗa da ɗan'uwansa a yi shimfiɗar shanya. Sai da muka yi ciniki, buhu ɗaya, tsohuwar riga ɗaya. A haka jamfofina suka tafi, har da kakin hidimar ƙasa da na ajiye don tarihi. Abu guda na hana, kaftanina ruwan toka. Shadda ce da na yanko a Kantin Kwari tun ina ango. Wuyan ya goge, aljihun ya sha faci, amma duk unguwa da shi aka san ni: da shi nake fita asuba, da shi nake zaman dakali. Ta daɗe tana auna shi da ido, ta ce zai fitar da rigunan yara biyu. Na ce sai bayan raina.

Cikin Oktoba na dasa. Ruwa na 'yan garuwa ne, in juye a robar fenti in hau tsani da ita. Kowace jarka sai uwargida ta rubuta a bayan tsohon littafin lissafin yaro. Ba ta cewa komai, rubutu kawai. Kuma ni mutum ne mai kiyaye haƙƙin maƙwabtaka. Bayan katangarmu gidan wani Alhaji ne, ɗan kasuwa mai mata uku, duk a kulle. Ban taɓa taka tsanin nan ba sai na tura yaro ya yi sallama ya ce, "Wai in ji Baba za a hau sama." Sai sun shige ɗaki sannan in hau, in yi ban-ruwa kaina a sunkuye, in sauko. Mai karatu ya riƙe wannan, don zan buƙaci shaidarsa.

Shuka ta yi kyau, baƙi suka fara zuwa. Ƙadangaru suka soma da latas. Na barbaɗa toka, na jiƙa ganyen darbejiya na yayyafa, ƙwari suka ragu, ƙadangaru suka ƙara ƙiba. Sai tsuntsaye, da tantabarun wani yaro na bayan layi, da suka mai da rufin zaurena wurin karin kumallo. Tsohon mai lambu ya ce a kafa mutum-mutumi.

Ni nufina sanda biyu a gicciye a rataya tsumma. Sai dai maganar ta shiga kunnen mai keke. Ta ce, "Malam, tsuntsun birni wayo gare shi, tsumma ba ya ba shi tsoro. Sai mutumin da ya sani." Ta miƙo hannu. Na ba ta kaftanin bisa sharaɗin aro ne, almakashi ba zai taɓa shi ba.

Ta cika alkawari. Da buhu ta ɗinka gangar jiki ta cusa ƙyallaye, ta yi kai da fasasshiyar ƙwallon yara ta sa mata baƙar safa. Ta kafa masa tsohuwar hulata, har da karkacewar da nake yi mata ta hagu. Tabarauna da ya rasa ƙafa ɗaya ta ɗaure masa da zare. Wurin ciki kuwa ta ƙara filo guda, wanda ni a ganina bai zama dole ba. A hannun dama ta rataya masa tsohon faifan CD, wai ƙyallinsa na korar tsuntsu. Dab da magariba na tura yaro, na hau, na ɗaure shi a jikin rodi. Rodin da ya fi kusa da buhunan shi ne na ɓangaren gidan Alhaji, kuma ba ni na kafa shi a can ba, magini ne.

Washegari na tafi aiki. Abin da ya faru a bayana a bakin shaidu na ji. Amaryar Alhaji ta fito da buta da sassafe, ta ɗaga kai, ta gan ni tsaye cikin hazo, da tabarau, na zuba wa tsakar gidansu ido, ba sallama ba aike. Ta koma da gudu. Uwargidansa ta leƙo ta taga ta ce ko ba a ga fuska ba, ga kaftanin ga tumbin. Da rana ta ɗaga, iskar hunturu ta fara kaɗa hannun, faifan yana walƙiya, sai magana ta canja: ba leƙe kaɗai nake yi ba, hoto nake ɗauka da waya. Ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba. Alhaji ya dawo daga kasuwa ya tarar da mata uku a ɗaki ɗaya, abin da bai taɓa gani ba, yara an jiƙa musu garin kwaki.

Da isha'i na miƙa masa hannu a masallaci, ya dubi wani wajen. Na ce ƙila kasuwa ce ba daɗi. Kafin mako ya fita sai ga aike daga mai unguwa.

Na tarar da zaure cike. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Allah ya taimake ka, mun daɗe muna zaman lafiya da bawan Allahn nan. Yanzu ya tare a saman zaure. Tun asuba har dare yana tsaye, ko gajiya ba ya yi. Aikin gwamnatin ma ya daina zuwa." Liman ya ce shi dai yana ganina a sahun gaba. Wani ya ce da safen nan tare muka shiga A Daidaita Sahu. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To ashe abin ya fi yadda nake zato. Mutum ɗaya a wuri biyu?" Waɗanda ke kusa da ni suka ɗan matsa.

Na ce mutum-mutumi ne, iyalina ce ta ɗinka. Mai unguwa ya ce gani ya kori ji. Muka ɗunguma, yara na biye. Da muka tsaya a layi kowa ya ɗaga kai, ni kaina sai da gabana ya faɗi, na shafa cikina. Mai unguwa, da idonsa ya fara rauni, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, sauko mana a yi magana," alhali ina gefensa ina riƙe masa sanda.

Samari suka yi wa tsanin rubdugu. Babu wanda ya tura yaro gidan Alhaji, ga su rututu a sama suna hango har madafinsa, amma wannan ba a kai ƙararsa ba. Suka tattake latas, suka turo buhu ya fashe a layi. Wani ya maka wa mutum-mutumin gora, wai don a tabbatar, kaftanin ya tsage daga wuya har ƙasa.

Hukunci ya fito nan take: ko lambu ya sauko, ko in ɗaga katanga. Na tuna kuɗin bulo da siminti, na ce lambu zai sauko. Alhaji ya ba ni hannu ya ce a yafi juna, sannan ya ƙara da cewa, "Ko ma dai mene ne, Malam, tumbin naka ne."

Abin da ya tsira na jera shi a lungu, na kewaye da yagaggen gidan sauro saboda kaji. Tumatirin ya nuna a ƙarshen Janairu, ƙanana, ba su fi 'ya'yan kanya ba, daidai lokacin da motocin Kadawa ke sauke kwanduna a 'Yankaba ana roƙon mutane su saya. Uwargida ta ɗauko littafin nan, ta haɗa kuɗin jarkoki da taki da gyaran tsani, ta raba da yawan tumatirin a gaban yara. Na ce lissafinta bai sa ilimin da aka samu ba. Miya ɗaya aka yi da shi, ita ma sai da aka ƙara kauɗa.

Ita kuwa kasuwa ta buɗe mata. Matan Alhaji ne suka fara aikowa, suka ce hannun da ya fitar da mutum haka ba zai kasa fitar da riga ba. Yanzu kwaskwarimar rabin unguwa a gidanmu ake yi, mayafin guntaye sai an bi layi. Kaftanin kuma, tunda ya riga ya tsage, ta ce sharaɗi ya faɗi. Rigunan yara biyu ya fitar cif, har da ragowar da aka yi abin sauke tukunya.

Bana ma zan shuka, don har yanzu ban ga laifin dabarar ba, iska da magini ne suka ɓata ta. Rama da yakuwa da zogale zan sa, a ƙasa, su ba ruwansu da lallashi. Buhu ne dai babu, rigunan musaya kuma sun ƙare. Duk mai buhun da ba ya so ya taimaka, amma ya ba ni hannu da hannu a ƙofar masallaci. Kada ya aika cikin gida.